Kafin a Busa Usur na Farko: Buri da Fargabar Magoya Bayan Ƙwallon Jami'o'in Amurka

A watan Janairu ake buga wasan ƙarshe na cin kofin ƙwallon jami'o'in Amurka. Daga nan filaye su yi tsit, ba za a sake ganin jami'o'i biyu sun kara da juna ba sai ƙarshen Agusta. Wata bakwai cur babu wasa, sai magana. A gidajen rediyo da wuraren aiki da shagunan aski kowa na lissafin abin da ƙungiyarsa za ta yi bana. Da zarar Agusta ya raba tsakiya, maganar takan rikiɗe ta koma zumuɗi mai haɗe da faɗuwar gaba, irin wanda mai bin ƙwallon Turai bai cika jin sa ba kafin buɗe kaka. Dalilan hakan suna cikin yadda aka gina gasar kanta, kuma sauye-sauyen 'yan shekarun nan sun ƙara musu ƙarfi.

Wasan da ake magana a kai shi ne ƙwallon Amurka, ɗan'uwan zari-ruga, wanda ake sa kwalkwali da sulken kafaɗa a buga. 'Yan wasan ɗalibai ne, mafi yawansu tsakanin shekara 18 zuwa 23. Tun 1869 jami'o'in Rutgers da Princeton suka buga wasan da ake ƙirgawa a matsayin na farko, shekara hamsin da ɗaya kafin a kafa gasar ƙwararru ta NFL a 1920. Filin jami'ar Michigan da ke Ann Arbor na ɗaukar mutum 107,601. Jami'ar Nebraska kuwa tun 1962 take sayar da tikitin wasannin gida ƙarƙaf. Jihohi irin su Alabama da Oklahoma da Nebraska ba su da ƙungiyar NFL ko ɗaya, don haka ƙungiyar jami'a ce ƙungiyar kowa, har da manomin da bai taɓa zama a ajin jami'ar ba. Kaka ya kai ɗa filin, ɗa ya kai jika, kujerar da iyali ke zama a kai ma sau da yawa gadonta ake yi.

Abu na farko da ke ɗaga hankali shi ne ƙarancin wasanni. Ƙungiyar Firimiyar Ingila tana da wasa 38 a kaka, in ta faɗi a ranar buɗewa sai a ce akwai sauran tafiya. Ƙungiyar jami'a wasa 12 kacal aka tsara mata. Kuma babu wasan sada zumunta ko ɗaya kafin a fara. Ƙwararrun NFL suna da wasannin gwaji a Agusta, ɗalibai ba su da shi. Abin da dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, ta ba su shi ne atisaye sau 15 a bazara, wanda akan rufe da wasa tsakanin 'yan gida, sai kuma sansanin Agusta. Ranar da za su fara yin gaba da gaba da baƙuwar fuska, ranar ce ake fara rubuta sakamako.

Ga kuma rashin teburin gasa guda. Jami'o'in babban mataki sun haura 130, sun kasu rukuni-rukuni, kuma mafi yawansu ba za su haɗu da juna ba a kaka ɗaya. To ta yaya za a san wadda ta fi? Da ƙuri'a. Tun 1936 kamfanin dillancin labarai na AP ke tattara ra'ayin 'yan jarida yana jera ƙungiyoyi, daga 1950 kuma ya fara fitar da jerin tun kafin a buga ko wasa ɗaya. A yau 'yan jarida sittin da 'yan kai ne ke zaɓen ƙungiyoyi 25. Ranar da jerin Agusta ya fito, kowane magoyi yana samun lambar da zai ɗora burinsa a kai. Wanda aka sa ƙungiyarsa ta biyar ya fara tunanin kofi. Wanda aka bar tasa a waje ya ce an raina su.

Labarin jami'ar Florida State ya nuna duk yadda wannan lamari ke aiki, shi ya sa zan ɗan daɗe a kansa.

A kakar 2023 ƙungiyar, ƙarƙashin koci Mike Norvell, ta ci wasanninta 13 ba tare da ko tuntuɓe ba. Amma a watan Nuwamba, a wasa da North Alabama, jagoranta Jordan Travis ya karye a ƙafa. Shi ne kwatabak ɗinsu, wato ɗan wasan da ƙwallo ke shiga hannunsa a farkon kowane hari, ya yanke shawarar ya jefa, ko ya miƙa, ko ya ruga da kansa. Duk da haka suka ci gaba da cin wasa, har suka ɗauki kofin rukunin ACC a hannun Louisville da ci 16 da 6, da kwatabak na uku a fili. Washegari kwamitin mutum 13 da ke zaɓen ƙungiyoyi huɗu na zagayen sili-ɗaya-ƙwale ya tsallake su, ya ɗauki Michigan da Washington da Texas da Alabama, alhali Texas da Alabama kowace ta sha kashi sau ɗaya. Hujjar kwamitin ita ce Florida State ba tare da Travis ba wata ƙungiya ce dabam. Ba a taɓa yi wa zakaran babban rukuni da bai sha kashi ba irin wannan a tsarin ba. Manyan 'yan wasan da dama suka ƙi buga wasan da ya rage, Georgia ta lallasa waɗanda suka rage da ci 63 da 3.

Da wannan ɗacin mutanen Tallahassee, garin da Florida State take, suka shiga watannin jira na 2024. Kuma suna da dalilan sa rai. An faɗaɗa zagayen ƙarshe daga ƙungiya huɗu zuwa 12, zakaran ACC kuma kusan yana da tabbacin gurbi, ba mai sake tsallake su. Norvell ya yi suna wajen ɗauko 'yan wasa daga wasu jami'o'i ya mayar da su taurari, ya yi hakan da Jared Verse da Keon Coleman da Trey Benson. Ya ɗauko sabon kwatabak, DJ Uiagalelei, wanda ya buga wa Clemson da Oregon State. 'Yan jaridar rukunin ACC suka ce Florida State ce za ta ɗauki kofin rukunin, AP ta sa ta ta goma a ƙasa baki ɗaya. Mai neman abin damuwa ma bai rasa ba: 'yan wasa goma na ƙungiyar bara sun tafi NFL, wato da yawa daga taurarin da suka ci wasa 13 ɗin ba sa nan. An ga wannan, an ambace shi, aka wuce da cewa ai koci ya saba cike gurbi.

Ranar 24 ga Agusta aka buɗe kaka a birnin Dublin na ƙasar Ireland, inda dubban magoya baya suka ƙetare teku don su gani da idonsu. Georgia Tech, wadda ba ta cikin jerin 25, ta danne su a tsakiyar fili, ta riƙe ƙwallo ta cinye lokaci, a daƙiƙar ƙarshe ta harba bugun maki uku daga yadi 44. Aka tashi 24 da 21. Bayan kwana tara Boston College ta zo har gida ta ci su 28 da 13, Memphis ma ta biyo baya. Kakar ta ƙare da nasara biyu, shan kashi goma.

Tambayar da ta dace a yi ita ce, me ya hana kowa hango wannan? 'Yan jaridar da ke bin ƙungiyar kullum, da masu lissafin caca, da tsofaffin 'yan wasa, duk sun yi kuskure tare. A ganina amsar ita ce a Agusta babu wanda ke da shaidar da za a dogara da ita, har da kocin kansa.

A duba yadda sansanin atisaye yake. Masu kai hari na ƙungiya suna karawa da masu tsaron bayan ƙungiyar, kullum su ne dai. In aka ce yau masu jefa ƙwallo sun yi abin a zo a gani, magoyi ya yi murna, sai can da dare ya tuna cewa ai masu tsaron bayansu ne aka keta. In aka ce masu tsaro sun hana kowa motsi, to ko dai su ne ƙwararru, ko kuma masu harin ne ba su da kataɓus. Labari ɗaya yana ɗauke da albishir da gargaɗi, kuma ba yadda za a raba su. Shi kwatabak a atisaye riga mai launi dabam ake sa masa, alamar kada kowa ya taɓa shi. Mai tsaro ya taho a guje, in ya iso kusa sai ya kauce. Saboda haka yadda yaro zai yi bayan an maka shi da ƙasa sau uku a jere, haƙarƙarinsa na zogi, mutum dubu tamanin na ihu a kansa, ba wanda ya gani tukuna. Yawancin kociyoyi kuma ba sa barin 'yan jarida su kalli atisaye sai 'yan mintunan farko na miƙe jijiya. Abin da ke fita waje maganar koci ce, shi kuwa ba zai tsaya gaban kyamara ya ce ƙungiyarsa ba ta shirya ba.

Wurin da wannan duhu ya fi kauri shi ne layin gaba. Waɗannan ƙatti biyar ne, kowannensu kan haura kilo 130, da ke durƙusawa gaban kwatabak su kare shi, su kuma buɗe wa mai gudu hanya. Ba sa cin maki, ba a cika sa hotonsu a bangon mujalla ba. Kafin kowane hari na tsakiyarsu kan ɗaga kai ya karanta tsayuwar abokan hamayya, ya nuna ɗaya da yatsa, ya faɗi kalma ɗaya ko biyu, sauran huɗun su gane wanda kowa zai tare. Aikinsu irin na mata masu lugude a turmi ɗaya ne, in taɓarya ɗaya ta saɓa lokaci duk dakan ya lalace. Mutum biyar da kowannensu gwani ne shi kaɗai, amma watanni kaɗan suka yi tare, sau da yawa biyar masu matsakaicin ƙarfi da suka shekara uku kafaɗa da kafaɗa sun fi su. Magoyin da ya san wasan, idan yana son sanin halin da ƙungiyarsa ke ciki, wasanni nawa waɗannan biyar suka buga tare yake fara tambaya, kafin ya tambayi sunan sabon tauraro.

Dā ma can ƙungiyar jami'a ba ta zama yadda take. Kaka huɗu doka ta ba ɗalibi ya buga, gwanaye kuma sukan tafi NFL bayan shekara uku. Amma a dā magoyi yana iya bin yaro tun shigowarsa, ya gan shi a benci shekara biyu, ya san lokacinsa ya kusa. Wannan ya rushe cikin ƙanƙanin lokaci. A Oktoban 2018 aka buɗe rajistar sauya sheƙa, inda ɗan wasa ke sa sunansa kowace jami'a ta nemi shi. A 2021 aka janye dokar da ke tilasta wa wanda ya sauya jami'a zaman shekara guda ba wasa, a 2024 kuma aka cire iyakar yawan sauyin. Daga 1 ga Yulin 2021 aka halatta wa ɗalibai karɓar kuɗi da sunansu da hotonsu, attajiran magoya baya suka kafa asusu suna tara miliyoyi don jawo 'yan wasa. A Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da wata yarjejeniya da ta ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Ina ganin biyan yaran nan daidai ne, domin shekara da shekaru jikinsu ke samar da biliyoyin talabijin su kuma ba su ga komai ba sai kuɗin makaranta. Sai dai sakamakon ga mai kallo shi ne, ƙungiyar da aka ɗora wa lamba a Agusta sau da yawa suna da riga kawai ta haɗa da ta bara.

Tarihin jerin Agusta ma shaida ne. Jami'ar Southern California (USC) ce ta ɗaya kafin kakar 2012, ta ƙare da nasara bakwai, shan kashi shida, ba ta ko cikin 25 ɗin. Auburn ta fara 2010 a matsayi na 22, ta ɗauki kofi da kwatabak ɗinta Cam Newton. A 2024 wata ƙuri'ar 'yan jarida ta sa Indiana ta 17 cikin ƙungiyoyi 18 na rukunin Big Ten, sabon kocinta Curt Cignetti ya zo da tarin yaransa daga James Madison, suka ci wasa 11 suka shiga zagayen ƙarshe, a kakar da ta biyo baya kuma suka ɗauki kofin ƙasa ba tare da an ci su ba. A 2025 Texas ta hau matsayi na ɗaya a jerin Agusta karon farko a tarihinta, bisa sa rai da kwatabak Arch Manning, jikan Archie kuma ɗan ɗan'uwan Peyton da Eli, dukkansu tsofaffin kwatabak na NFL, wanda a lokacin wasa biyu kacal ya taɓa farawa. Ohio State ta ci su 14 da 7 a ranar buɗewa. Penn State da aka sa ta biyu ta sallami kocinta James Franklin tun a Oktoba, bayan shan kashi uku a jere. Duk da haka jerin ba aikin banza ba ne. Manyan jami'o'in da ke kwashe zaratan yaran sakandare kowace shekara, irin su Georgia da Ohio State da Alabama, su ne dai ake yawan samu a sama a ƙarshe. Jerin ya iya gane wa ke da kayan aiki. Abin da bai iya ba shi ne sanin ko kayan sun haɗu.

Mutum zai ɗauka cewa waɗanda za su buɗe kaka da ƙaramar ƙungiya hankalinsu a kwance yake. Manyan jami'o'i sukan biya ƙanana kuɗi su zo a buga, babbar ta sami nasara mai sauƙi da kuɗin ƙofa, ƙaramar ta sami abin riƙe sashen wasanninta. Amma duk mai bin wasan ya san abin da ya faru ranar 1 ga Satumbar 2007. Michigan ce ta biyar a ƙasa, taurarinta uku, Chad Henne da Mike Hart da Jake Long, sun dawo shekarar ƙarshe don neman kofi. Ta biya Appalachian State, ƙungiyar mataki na ƙasa, dala 400,000. Abin da mutane da yawa ba su kula da shi ba shi ne baƙin su ne zakarun matakinsu shekara biyu a jere, kuma suna da gudu. Saura daƙiƙu a tashi, Michigan na baya da maki biyu, ta tsaya bugun da zai ba ta nasara. Corey Lynch na Appalachian State ya kutsa ya tare ƙwallon, ya ɗauke ta ya ruga har lokaci ya ƙare. Ci 34 da 32. A jerin mako mai zuwa babu sunan Michigan kwata-kwata. Tun daga ranar, babu magoyin babbar ƙungiya da ke kallon irin wannan wasa da cikakken sukuni, domin in an ci ba yabo, in an faɗi kuwa abin zai bi sunan jami'ar shekara ashirin.

Wani abin da ya kamata a faɗa, wanda magoya baya kan manta kowace shekara, shi ne wasan farkon da aka jira wata bakwai shi ma yakan yaudari mutane. Colorado ta ci wasa ɗaya cikin 12 a 2022. Sabon koci Deion Sanders ya zo ya sauya kusan dukkan 'yan wasan, ya buɗe 2023 da cin TCU, wadda ta buga wasan ƙarshe a bara, da ci 45 da 42. Ƙasar ta ɗauka. Kakar ta ƙare da nasara huɗu, shan kashi takwas, kuma rashin ƙarfin layin gaba ne ya fi kayar da su. Florida State ɗin ma ta maimaita darasin ta ɗaya gefen. Bayan bala'in 2024 magoya bayanta sun shiga Agustan 2025 gwiwa a sanyaye, ga Alabama mai lamba takwas za ta zo musu. Sabon kwatabak ɗinsu Tommy Castellanos ne, mutumin da ya ci su bara a rigar Boston College. Kamar yadda aka saba, mahayin da ke wakiltar Osceola, tsohon jagoran ƙabilar Seminole, ya sukwano dokinsa ya caka mashi mai wuta a tsakiyar fili, aka fara. Suka ci Alabama 31 da 17, ɗalibai suka ɓarke cikin fili. A ƙarshen kaka nasararsu biyar, shan kashi bakwai, Alabama da aka yi wa dariya kuma ta shiga zagayen ƙarshe.

Ita Alabama nata nauyin dabam ne. Koci Nick Saban ya yi kaka 17 a can, ya ɗauki kofin ƙasa shida, kuma daga 2008 har ya yi ritaya a Janairun 2024 ba a yi kakar da ƙungiyar ta kasa cin wasa goma ba. Yaran da aka haifa a zamaninsa sun girma ba su san wani abu ba sai wannan. Kalen DeBoer da ya gaje shi ba ƙaramin koci ba ne, kwana kaɗan kafin a ɗauke shi ya kai Washington wasan ƙarshe. Kakarsa ta farko ya ci tara ya faɗi huɗu, ciki har da shan kashi a hannun Vanderbilt da ci 40 da 35. A jami'o'i da yawa da an yi masa kirari. A Tuscaloosa, garin jami'ar Alabama, tambayar da aka kwana da ita har Agusta ita ce ko zamanin ya wuce ke nan, kuma faɗuwar Tallahassee, wadda ita ce karon farko tun 2001 da Alabama ta rasa wasan buɗe kaka, ta zo daidai kan gyambon.

An yi zaton faɗaɗa zagayen ƙarshe zai sassauta fargabar, kuma ta wani gefen ya sassauta. A kakar farko ta sabon tsarin Ohio State ta faɗi sau biyu, har da hannun babbar abokiyar gabarta Michigan, amma ta ɗauki kofi. Wadda ta kara da ita a wasan ƙarshe, Notre Dame, ta sha kashi a gida a hannun Northern Illinois da ci 16 da 14 tun a mako na biyu. A tsohon tsari da wuya ɗayansu ta kai labari. Faɗuwa a Agusta yanzu ba mutuwa ba ce. Sai dai lokacin da gurbi huɗu ne, magoya bayan jami'o'i goma ko goma sha biyar ne ke da hujjar yin mafarki, sauran sun gamsu da cin wasa takwas da doke maƙwabciya. Yanzu jami'o'i talatin ko arba'in na shiga kaka da maganar cewa ko a shiga zagayen ƙarshe ko an gaza. Guraben sun ƙaru, amma waɗanda za su ƙare da takaici sun fi su ƙaruwa.

Kuɗi ya sa wannan takaici ya yi kaifi. Magoyi a yau ba tikiti kaɗai yake saye ba, ana gaya masa ƙarara cewa gudummawarsa ce ke biyan 'yan wasa. Jami'ar Tennessee ta ƙara kashi goma cikin ɗari a kan tikitin 2025 da sunan kuɗin riƙe gwanaye. A Afrilun shekarar, ana gobe wasan bazara, kwatabak ɗin da ya kai su zagayen ƙarshe, Nico Iamaleava, bai zo atisaye ba, rahotanni suka ce saɓani ne kan kwantiragi, kwanaki kaɗan sai ga shi a UCLA. Wanda ya biya kuɗinsa yana jin yana bin ƙungiya bashin nasara. Kuma haƙuri da koci ya ragu ƙwarai, ko da sallamarsa za ta ci dukiya: Texas A&M ta amince ta biya kocinta Jimbo Fisher fiye da dala miliyan 75 a 2023 don kawai ya tafi.

Cikin duk abubuwan da ake fargaba a Agusta, wanda ya fi cancantar fargaba shi ne jikin yaran. Saura ƙasa da mako biyu a buɗe kakar 2014, kwatabak ɗin Ohio State Braxton Miller ya sake jin rauni a kafaɗa a atisaye, ba tare da kowa ya taɓa shi ba, kakarsa ta ƙare tun ba a fara ba. Akan ba da wannan labari ne don a ce ƙungiyar ta ɗauki kofi da na uku a layi, Cardale Jones. Ba a cika ƙarasawa da cewa Miller bai sake zama kwatabak ɗin ƙungiyar ba. Akwai wanda ya fi wannan muni. Jordan McNair, ɗan layin gaban Maryland mai shekara 19, zafi ya kayar da shi a atisayen 29 ga Mayun 2018, ya rasu ranar 13 ga Yuni. Bincike ya nuna ba a gane alamun da wuri ba, ba a kuma tsoma shi a ruwan sanyi nan take ba, matakin da likitocin wasanni suka daɗe da sanin yana ceton rai. Shugaban jami'ar ya fito ya ce sun ɗauki alhakin kurakuran, daga baya aka sallami kocin. Sansanin Agusta a jihohin kudu cikin tsananin zafi da gumi ake yin sa, yara sanye da kwalkwali da sulke, kowane yana tsoron ya ce ya gaji kada wani ya karɓe masa gurbi. NCAA ta hana atisayen gwabzawa sau biyu a rana tun 2017, amma matsin da ke sa koci ya wuce gona da iri daga waje yake zuwa, daga mutanen da suka riga suka yanke cewa bana kofi ko ba komai.

Wani sabon nauyi kuma ya hau kan yaran tun da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofar halatta cacar wasanni a 2018. Yanzu burin Agusta yana da farashi a waya: mutum zai sa kuɗi kan wasanni nawa ƙungiya za ta ci, a wasu jihohin har kan yadi nawa wani yaro zai jefa ranar Asabar. Rukunin Big Ten ya fara tilasta wa ƙungiyoyinsa bayyana waɗanda ba za su buga ba kafin kowane wasa a 2023, rukunin SEC ya bi sahu a 2024, domin a rage masu bin ɗalibai da ma'aikatan ƙungiya ta bayan fage suna neman sirrin waye ya ji rauni. Ɗalibin da ya saki ƙwallo a wasan farko yakan koma ɗaki ya tarar da saƙonnin zagi da barazana daga mutanen da suka yi asarar kuɗi a kansa. A Maris ɗin 2024 shugaban NCAA Charlie Baker ya nemi jihohi su haramta caca a kan abin da ɗalibi guda zai yi a wasa. Wasu jihohi, irin su Ohio da Maryland da Louisiana, sun haramta. A wasu da dama har yanzu ana yi, kuma ban ga hujjar da za a kafa ta barin sunan yaro ɗan shekara 19 a allon 'yan caca ba.